Baƙar giyar da ta kwanta a gangar wuski: abin da na samu a kwalbar Bourbon County

A makon Kirsimetin da ya gabata, ɗan ƙanwata da ke aiki a Amurka ya zo mana hutu a Wusasa, kuma a cikin tsarabar da ya ware mini akwai kwalabe biyu na baƙar giya, an naɗe su cikin tsofaffin riguna don kada su fashe a hanya, da ƙananan kwalaben wuski guda biyu waɗanda ba su fi tsawon yatsa ba. Ya san cewa kafin in yi ritaya na shafe shekaru ina aikin gwajin hatsi da tsiron dawa a ɗakin bincike, ya kuma san ba na barin abu ya wuce ni ban tambayi yadda aka yi shi ba. Da ya miƙo mini kwalbar farko sai ya ce, “Kawu, wannan ba ta kashe ƙishirwa ba ce. Ku nemi abokan zama, ku sha a hankali, sannan ku gaya mini ko ta cancanci wahalar ɗauko ta.” Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan.

Na sani sarai cewa mafi yawan mutanen Zariya Musulmi ne, addininsu ya haramta musu giya, kuma ko a cikinmu Kiristoci akwai masu yawa da ba sa kusantarta. Ina girmama wannan matsayi, ba na kuma kiran kowa zuwa ga abin da ya bari. Ina magana ne da manya waɗanda dama suna sha, da kuma duk mai son fahimtar abin da itace da wuta da tsawon lokaci ke yi wa ruwan hatsi.

Sunan giyar Bourbon County Brand Stout, kuma kamfanin Goose Island na birnin Shikago ne ke yin ta. John Hall ne ya kafa kamfanin a 1988. A cikin shekarun 1990, ɗansa Greg Hall, wanda a lokacin shi ne shugaban masu dafa giyar kamfanin, ya haɗu da Booker Noe, mai yin wuski kuma jikan Jim Beam wanda wani sanannen wuskin Amurka ke ɗauke da sunansa, a wajen wata liyafa, daga nan ne ya samo gangunan katako da aka juye wuski daga cikinsu, ya cika su da baƙar giya mai ƙarfi, ya bar ta ta kwanta. Ana lissafa ta a cikin na farko-farko da suka bi wannan hanya, wadda a yau ɗaruruwan ƙananan kamfanoni a Amurka da Turai suke bi. A 2011 babban kamfanin Anheuser-Busch ya saye Goose Island, amma har yanzu sau ɗaya ake fitar da wannan giya a shekara, ranar Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, kuma a ranar ne ɗan ƙanwata ya saye ta.

Kafin in zo kan ɗanɗano, dole in tsaya a kan gangar, domin a ganina ita ce asalin abin da mutum yake biyan kuɗinsa. Dokar Amurka ba ta yarda a kira wuski da sunan burbon, wato nau'in da wannan giya ke kwanciya a gangarsa, ba sai an ajiye shi a cikin sabon mazubi na wani itace da ake kira ok, wanda aka ƙona cikinsa. Kalmar “sabon” ita ce tushen labarin gaba ɗaya, domin tana nufin ganga mai ɗaukar kimanin lita 200, wadda aka yi da itacen da ya shekara gommai yana girma, sau ɗaya tak za ta yi wa mai burbon aiki. Da zarar an juye ta, a wajensa ta gama amfani, alhali kuwa katakonta yana da sauran ƙarfi na shekaru masu yawa. Saboda haka ake sayar da tsofaffin gangunan ga masu wuskin Sikotlan da Ailan, da masu barasar rake a tsibiran Karebiyan, da masu barasar takila a Meziko, har da masu yajin Tabasco da ke tsima barkono a cikinsu. Masu dafa giya sun shigo wannan layi ne daga baya. Da a ce doka ta bar masu burbon su maimaita gangunansu, da wuya a ce wannan kwalba ta taɓa zuwa hannuna.

Duk matar da ta taɓa sayen sabon tulu ta san ruwan da ya kwana a cikinsa da ƙamshin ƙasa yake fitowa, ta kuma san tukunyar da aka jima ana miyar daddawa a cikinta ba ta komawa tukunyar kunu, komai wankin da aka yi mata. Mazubi yana ba abin da ke cikinsa, yana kuma karɓa daga gare shi. Gangar wuski haka take, sai dai an shirya ta musamman domin wannan musaya. Ana haɗa ta da sassan katako ba ƙusa ba gam, zobban ƙarfe ne kawai ke riƙe da ita, sannan a saka mata wuta a ciki na tsawon daƙiƙa 15 zuwa 55, gwargwadon abin da mai saye ya nema. Mafi ƙonuwa a cikin waɗanda aka saba amfani da su takan tsattsage har cikinta ya yi kama da fatar kada. A ƙarƙashin gawayin akwai wani siririn sashe inda zafin wuta ya narkar da zaƙin da ke jikin katakon ya yi ja, kamar yadda ruwan rake ke yi a kasko kafin ya zama mazarƙwaila. Zafin yana kuma farfasa wani sinadari na itacen ya fitar da ƙamshin banila, wanda muka sani a kek da askirim, sannan farin ok na Amurka yana da nasa ƙamshin mai kama da na kwakwa. Wuski yana shiga ganga fari tas kamar ruwan rijiya, duk launin da ake gani a jikinsa daga katako ne. Idan zafi ya yi, ruwan yana kumbura ya kutsa cikin katakon, idan sanyi ya zo ya dawo da abin da ya kwaso, haka za a yi ta yi shekara da shekaru.

Giya kuwa ragowa take zuwa ci. Ana zuba ta ne tun gangar tana da danshi, sai ta tarar da wuskin da katako ya shanye, da sauran banila da kwakwa, da kuma 'yar iskar da ke shiga ta jikin itacen a hankali, wadda ke mayar da ɗanɗanon hatsi ya koma kamar na busassun 'ya'yan itace. Ta Goose Island takan yi watanni da dama, har zuwa kusan shekara, a cikin rumbun da ba a sanyaya shi ba a kuma ɗumama shi, domin tsananin sanyi da zafin Shikago su yi aikinsu. Ba kowace giya ce za ta jure wannan ba. Mai sauƙi irin wadda ake sha da sanyi a mashaya za ta ɓace a ƙarƙashin ƙarfin gangar, kuma ƙwayoyin da ke sa tsami za su lalata ta kafin a kai ga buɗe ta. Ko mai ƙarfin ma ba ta tsira ɗari bisa ɗari ba, domin wani sashe na wadda aka fitar a 2015 ya yi tsami a cikin kwalba, kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, kuma tun daga 2016 yake ɗan ɗumama ta kafin a rufe, kamar yadda ake yi wa madara.

Mun buɗe ta da yamma, a ranar da hazo ya rufe dutsen Kufena har ba a ganin kansa. Mu huɗu ne a tsakar gida: ni, da ɗan ƙanwata, da maƙwabcina, da wani abokina tsohon malamin makaranta wanda duk muke kira Malam. Na fitar da kwalbar daga firiji rabin awa kafin lokaci, domin sanyi mai yawa yana kulle ƙamshin irin wannan giya. Rabin lita ce, kuma an rubuta a jikinta cewa barasar da ke ciki kashi 14 ce da ɗoriya cikin 100. Da na tsiyaya ta a kofin gilashi, ta zubo baƙa ƙirin, da kauri kamar tsohon baƙin mai, ba tare da ƙarar da muka saba ji ba. Kumfarta kaɗan ce, mai launin ƙasa, kuma kafin minti guda ta kwanta ta bar siririn zobe a bakin kofin. Na haska tocilan waya ta bayan gilashin, ko ɗigon haske bai ratso ba. Idan aka juya kofin, takan bar shafi mai ruwan ƙasa a jikinsa kamar maɗi, ya ɗauki lokaci kafin ya gangaro.

Ƙamshin da ya fara zuwa na mazarƙwaila ne wadda aka bari ta ɗan kama a tukunya, sai cakulan mai ɗaci, sai banila, sai busasshen dabino, kuma a bayansu duka akwai zafin barasa da ke ɗan tsikarar hanci. A baki zaƙi ne ke gaba, mai nauyi kamar zuma, yana lulluɓe harshe gaba ɗaya. Bayan ɗan lokaci ɗacin gasasshen sha'ir yake biyowa, irin ɗacin ƙanzon da ya ɗan wuce ƙima, kuma shi ne ke hana zaƙin ya gundure mutum tun a kurɓin farko. Daga ƙarshe wani ɗumi ya sauka a ƙirji, wanda a irin sanyin wannan maraice ya zo daidai. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta riƙa sauyawa a cikin kofi. Bayan kamar minti ashirin tana hannu, zafin barasar ya lafa, ƙamshin kwakwa ya fito fili, har maƙwabcina wanda tun farko ya ce bai ji shi ba ya amsa cewa lallai ga shi. Malam ya daɗe yana shinshina nasa bai ce komai ba, sannan ya ce, “Yallaɓai, wannan ai ɗinya ce da ta nuna har ta bushe a kan itace.” Ban sami kwatancen da ya fi wannan ba.

Mun gwada ta da abubuwa biyu. Tsire mai yaji bai jitu da ita ba, domin yajin da barasar sun haɗu sun ƙone baki har ba a jin komai. Soyayyiyar gyaɗa mai gishiri kuwa ta zauna da ita lafiya, gishirin yana wanke harshe tsakanin kurɓi da kurɓi. Ga wanda ya saba da baƙar giyarmu mai ɗaci, zaƙin wannan yana da yawa, kuma bayan rabin ƙaramin kofi harshe yakan fara neman ruwa. Ba na ɗaukar wannan a matsayin aibi, domin an yi ta ne a sha kaɗan. Rabin litar nan ta ishe mu mu huɗu, babu wanda ya nemi ƙari.

Kwana biyu bayan haka muka sake zama domin wuskin, saboda ba zai yiwu a fahimci abin da ganga ta ba giya ba sai an san abin da ya fara zama a cikinta. Maƙwabcina ya kawo ragowar Jim Beam da Jack Daniel's da yake da su, muka haɗa da Maker's Mark da Rittenhouse na tsaraba. Cokali ɗaya na kowanne, da ɗigon ruwa, ya wadatar.

Burbon, wanda majalisar dokokin Amurka ta ayyana a 1964 a matsayin abin da ƙasar ta keɓanta da shi, dole hatsinsa ya kasance aƙalla kashi 51 cikin 100 masara ne. Ba a tatso shi da ƙarfin barasa da ya wuce kashi 80, ba a zuba shi a ganga yana sama da kashi 62 da rabi, ba a sa shi a kwalba yana ƙasa da kashi 40, kuma ba a ƙara masa launi ko ƙamshi. Ana iya yin sa a kowace jiha, ko da yake mafi yawansa daga Kentaki yake fitowa, inda ruwan ƙasa ke ratsa farin dutse ya fito ba ƙarfe a cikinsa. Masara ce ke ba shi zaƙi da laushi, kuma duk wanda ya taɓa cin gasasshiyar sabuwar masara a bakin titin Samaru da damina zai gane wannan zaƙi a cikin Jim Beam, wanda ke yin shekara huɗu a ganga. Sauran hatsin shi ne tsiron sha'ir, wanda ke mayar da sitaci ya zama sukari, da kuma hatsi na uku da ke ba da hali. Yawanci wannan na ukun shi ne wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, ɗan'uwan alkama da sha'ir, mai ɗanɗano kamar kayan yaji. Wasu kamfanoni suna cire shi su sa alkama, kuma Maker's Mark, mai jan kaki a wuyan kwalba, yana cikinsu. Bambancin ya fito mana ƙarara: na alkamar ya sauka da taushi, da ƙamshin burodi da alewar madara, ba ya cizon gefen harshe duk da cewa ƙarfinsa kashi 45 ne.

Idan aka juya lissafin, rai ya zama aƙalla kashi 51, sai a sami wuskin rai. Wannan shi ne tsohon wuskin jihohin Fensilbeniya da Merilan, wanda kasuwarsa ta karye bayan haramcin barasa da aka yi a Amurka daga 1920 zuwa 1933, bai kuma farfaɗo sosai ba sai a wannan ƙarni. Rittenhouse ya zo mana da masoro da kanumfari da ɗan citta, ya kuma bar baki a bushe maimakon zaƙi. A jikin kwalbarsa akwai rubutun Bottled in Bond, wanda ke nuni ga wata doka ta 1897 da aka kafa a lokacin da jabun wuski ya cika kasuwannin Amurka, ana rina barasa da taba da wasu abubuwan ana sayarwa. Dokar ta ce mai son wannan shaida dole wuskinsa ya fito daga matatsa ɗaya, wato wurin tatsar wuski, a zango ɗaya na shekara, ya yi aƙalla shekara huɗu a rumbun da gwamnati ke sa wa ido, a kuma rufe shi a kashi 50 daidai. Wanda ya san yadda jabun kaya ke yawo a kasuwanninmu ba zai karanta wannan doka bai yi tunani ba.

Wuskin Tenesi kusan duk sharuɗɗan burbon ya cika, amma yana da mataki guda na daban, wanda dokar jihar ta 2013 ta tabbatar: kafin a kai shi ganga, ana tace shi ta cikin gawayin wani itace mai zaƙin ruwa da ake kira meful. A matatsar Jack Daniel's da ke garin Lynchburg, wuskin yana ɗiga ne ta cikin gawayi mai zurfin kusan mita uku. Mu da muka san aikin gawayi wajen tace ruwa ba mu yi mamakin sakamakon ba, domin ya fito da sauƙi, da ƙamshin ayaba da ta nuna sosai da ɗan hayaƙi. A nan na gaya wa abokan zamana wani abu da nake ganin ya kamata kowane ɗan Afirka da ya taɓa ganin wannan kwalba mai baƙar takarda ya sani. Wanda ya koya wa Jack Daniel sana'ar tun yana yaro baƙar fata ne, bawa, mai suna Nathan Green, wanda aka fi sani da Nearest, kuma bayan an 'yanta bayi shi ne ya zama shugaban masu tatsa na farko a matatsar. Sai a 2016 kamfanin ya fito fili ya ba wannan tarihi matsayinsa.

Akwai wasu nau'o'i biyu da ba mu ɗanɗana ba. Wuskin masara zalla, mai aƙalla kashi 80, ba dole ne ya shiga ganga ba, idan kuma ya shiga to tsohuwa ce ko wadda ba a ƙona ba. Sai na tsiron sha'ir zalla daga matatsa ɗaya, wanda hukumomin Amurka suka ba matsayi na kansa a doka daga watan Janairun 2025.

Da wannan a bakinmu muka buɗe kwalbar giya ta biyu, wadda wani ƙaramin kamfani na kusa da inda ɗan ƙanwata yake zaune ya yi, aka kwantar da ita a gangar wuskin rai. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan faɗa ba yabo ba ne, kuma kwalba ɗaya ba ta isa a yanke wa kowa hukunci ba. Alamar rai ta fito kamar yadda aka zata, ga masoro, ga kanumfari, ga bushewar baki a ƙarshe, kuma wannan ya tabbatar mini cewa sunan wuskin da aka rubuta a jikin irin waɗannan kwalabe ba ado ba ne, yana gaya wa mai saye abin da zai tarar. Amma giyar kanta ba ta da jiki. Ta yi ruwa-ruwa, gangar ta danne ta, har ya zama kamar an zuba wuski a cikin kofi mai sanyi na gahawa. A nan ne na ƙara ganin ƙwarewar masu Bourbon County, waɗanda suka dafa giya mai kaurin da zai iya ɗaukar nauyin katakon, suka kuma gauraya abin da ya fito daga ganguna masu yawa na matatsu daban-daban, irin su Heaven Hill da Buffalo Trace da Wild Turkey, domin kada halin ganga ɗaya ya rinjayi sauran.

Ba zan iya kammala wannan ba ban kwatanta ta da tamu ba. Guinness Foreign Extra Stout da ake yi a Najeriya, wadda aka kafa masana'antarta a Ikeja a 1962, ƙarfinta kashi 7 da rabi ne, wato kusan rabin na Bourbon County. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya na ƙasar nan suka koma ga dawa da masara, kuma irin dawar da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta inganta, kamar SK5912, na cikin abin da ya riƙe masana'antar a wancan lokaci. A waɗancan shekarun ne na yi mafi yawan aikina, ina auna yadda dawa ke tsira da yawan sukarin da take bayarwa, saboda haka ina da kusanci da wannan kwalba wanda ba ni da shi da ta Shikago. Da aka ajiye su gefe da gefe, tamu ta fi ɗaci, tana da ɗan tsami mai wartsake baki, ta fi sauƙi, tana kuma tafiya da abinci mai yaji da yanayin zafi, abin da waccan ba za ta iya ba. A can ƙarshen layi kuma akwai burkutu, wadda ake dafawa da dawa a sha cikin kwana ɗaya ko biyu tana kan tsima a randa, ba ta san jira ba ko kaɗan. Na yi imani giyar dawa mai ƙarfi da kauri za ta iya zama a gangar burbon ta fito da wani abu nata na kanta, kuma zan so in ga wani ya gwada da gaske. Sai dai duk mai niyya ya san cewa zafin Maris da Afrilu a nan zai sa abin da ke ciki ya riƙa tsotsewa da sauri, kuma bushewar hunturu tana iya tsuke katakon gangar da aka bari ba komai a ciki har ta fara yoyo.

Akwai lissafin da zaƙin wannan giya yake ɓoyewa, kuma wajibi ne in bayyana shi. Rabin lita mai kashi 14 tana ɗauke da mililita 70 na barasa zalla, alhali babbar kwalbar giya ta yau da kullum, mai mililita 600 da kashi 5, mililita 30 take ɗauke da shi. Wanda ya shanye kwalba guda shi kaɗai ya sha fiye da manyan kwalabe biyu, ba tare da cikinsa ya cika ya gargaɗe shi ba. Ba abin sha ba ne ga wanda zai tuƙa mota ko ya hau babur, ko mai juna biyu, ko mai ciwon hanta, ko wanda bai kai shekara 18 ba, kuma mai ciwon suga ya sani cewa sukarin da ke cikinta ba kaɗan ba ne.

Game da samunta a nan, na leƙa wani shagon kayan sha na waje a Sabon Gari bayan sabuwar shekara, ban tarar da ita ba, mai shagon ma bai taɓa jin labarin irinta ba. Wuskin Amurka dai akwai, amma an jera kwalaben a bakin taga rana tana dukansu, kuma da na tambayi yaron shagon bambancin guda biyu sai ya ce mini, “Baba, ai duk ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta.” Ɗaya daga cikin kwalaben rubutun takardarta ya dushe ta yadda hankalina bai kwanta da ita ba. Mai saye ya duba lambar NAFDAC, ya duba murfin ko an taɓa shi, ya kuma karanta takardar da kyau. Kalmar Straight a jikin burbon ko rai tana nufin ya yi aƙalla shekara biyu a ganga, idan kuma bai kai huɗu ba dole a rubuta shekarunsa.

Kuɗin da ɗan ƙanwata ya ce ya biya, idan aka juya shi zuwa naira, zai sayi kwalaben baƙar giyarmu masu yawa, kuma ba zan ba kowa shawarar ya taɓa kuɗin cefane dominta ba. Amma da ya sake tambayata a daren da zai koma ko ta cancanci wahalar, na ce masa ta cancanta, a matsayin abin da mutum huɗu za su raba sau ɗaya a shekara cikin sanyin Disamba. Na roƙe shi idan Allah ya kai mu baɗi ya bar giya ta biyun, ya kawo mini Bourbon County guda biyu. Kamfanin ya ce tana ci gaba da gyaruwa a cikin kwalba har shekara biyar, saboda haka ɗaya za mu buɗe da Kirsimeti, ɗayar kuma zan ajiye ta a tsaye a lungun ɗakin da randa take, inda rana ba ta shiga, in ga abin da bazarar Zariya za ta yi mata.